Yadda za ka zaɓi adaftar da za ta haɗa kyamararka marar madubi da na'urar hangen taurari

Kafin ka tura ko sisi wajen odar adafta, ɗauko rula. Yawancin masu kawo mini kukan cewa sun haɗa kyamara da teleskof amma ba sa ganin komai sai wani farin dunƙule dishi-dishi, ba jabun kaya aka sayar musu ba. Adaftar ta shiga bakin kyamara daidai, ta kama teleskof daidai, amma tsawonta ya ajiye sensar kyamarar, wato ɗan allon ciki da ke karɓar hoto, a inda hoto ba ya haɗuwa. Mu kuwa da sai mun jira makonni kafin kaya su iso daga waje, ga kuɗin dako, sayen ƙarfe a kan zato ba ƙaramar asara ba ce.

Ni da Sony a6000 nake aiki, da teleskof samfurin Newton mai madubi na milimita 130, tsawon fokas ɗinta, wato tazarar madubi zuwa inda hoto ke haɗuwa, milimita 650. Daga nan zan riƙa ɗauko misalai, amma lissafin ɗaya ne ko da Canon, Nikon, Fujifilm, Olympus ko Panasonic ce a hannunka.

A wannan haɗin, lens ɗin kyamara ba ya ciki, gilashin leƙawa na teleskof ma ba ya ciki. Duka biyun za ka cire. Teleskof ɗin ce za ta zama lens, ta zuba hoto kai tsaye a kan sensa. Adaftar da kake nema babu gilashi a cikinta, babu waya, ƙarfe ne zalla mai baki biyu. Aikinta ta kama kyamara ta wannan gefe, ta kama teleskof ta wancan, sannan ta tsayar da sensa a daidai tazarar da ake so. Na ukun nan shi ne inda ake yin tuntuɓe.

Gefen kyamara

Abin da ke shiga bakin kyamara sunansa zoben T, a kasuwa za ka ga an rubuta T2. Gefe ɗaya yana da haƙora irin na lens ɗin kyamararka, ɗaya gefen kuma tiredi ne mai faɗin milimita 42, tazarar da ke tsakanin layin tiredi da na kusa da shi 0.75. Kamfanin Tamron na Japan ne ya fito da tsarin T a 1957 don lens ɗinsa su shiga kowace kyamara, masu kallon taurari suka ɗauka, har yau a kansa ake.

Masu sayarwa suna gajarta sunaye yadda suka ga dama, don haka karanta a hankali. Bakin Sony E har yanzu NEX suke rubuta shi, sunan da kyamarorin suka fara fitowa da shi a 2010, saboda haka T2-NEX shi ne na a6000, da a6400, da a7 baki ɗaya. Wanda aka rubuta wa AF ko MA na tsohon bakin Sony A ne, ba zai shiga ba. A Canon abin ya fi rikici: T2-EOS kawai na manyan kyamarori masu madubi ne, T2-EOS M na jerin M ne irin su M50, T2-EOS R kuma na bakin RF ne. Uku ne daban-daban, babu mai shiga wurin wani. Fujifilm X yawanci FX ake rubuta shi. Na Olympus da Panasonic ƙanana M4/3 ne, idan babu M ɗin nan, na tsohon tsarin ne. Nikon Z kuwa ka tabbata ka ga harafin Z, don wanda aka rubuta wa AI ko Nikon kawai na bakin F ne.

Sai babban tarko. Akwai wani tiredi shi ma mai faɗin milimita 42, na tsofaffin lens ɗin Pentax da Praktica da Helios, wanda masu ɗaukar bidiyo suke so sosai, adaftarsa kuwa ta cika kasuwa da sunan M42-NEX ko M42-FX. A ido ba za ka bambanta su ba. Amma tazarar tiredinsa milimita 1 ce cif, ba 0.75 ba. Idan ka ɗaura shi a kan tiredin T zai shiga zagaye ɗaya ko biyu lami lafiya, sai ya cije. In ka matsa masa da ƙarfi, tiredin ya cinye, ka lalata abu biyu a lokaci guda. Hanya biyu nake bi in gane su. Ta farko in danna tiredin a kan takarda in ƙirga layukan da suka fito cikin milimita 6: shida na M42 ne, takwas na T ne. Ta biyu ta fi sauƙi, rula kawai: a bakin Sony, adaftar M42 tsawonta bai kai milimita 28 ba, ta T2 kuwa 37 ce.

Lamba 55

Me ya sa 37? A jikin kowace kyamara, a sama kusa da maɓallai, akwai wata 'yar alama, da'ira da layi ya ratsa ta tsakiya. Daidai wannan layin sensa take a ciki. Tazarar da ke tsakanin sensa da farin ƙarfen bakin kyamara ita nake kira zurfin sensa, kuma kowane baki da nasa. Sony E milimita 18 ne, Canon EF-M ma 18, Fujifilm X 17.7, M4/3 19.25, Canon RF da bakin L duka 20, Nikon Z 16. Kyamarori masu madubi kuwa zurfinsu ya ninka haka, don sai an bar wa madubin wurin da zai ɗaga: Canon EF 44, Nikon F 46.5.

Tsarin T ya yanke cewa daga bakin tiredi zuwa sensa milimita 55 ne, ko wace kyamara ce. Shi ya sa zoben T na Canon EF siriri ne, milimita 11, don 44 da 11 sun ba da 55. Na Sony E kuwa sai ya zama doguwar gwangwani mai milimita 37. Na RF 35, na Nikon Z 39. Wannan tsawon babu komai a cikinsa sai iska. An sa shi ne kawai don kyamararka ta yi kama da mai madubi.

To a nan gatanka yake. Mai kyamara mai madubi ba shi da yadda zai yi da zurfin 44 ɗinsa, a jikin kyamarar yake. Kai kuwa naka na aro ne, kana iya ajiye shi duk lokacin da ya tsaya maka a hanya. Akwai gajeren zoben T na kyamarori marasa madubi, kaurinsa wajen milimita 10 ko ƙasa da haka, akwai kuma dogon da ake kwance gwangwaninsa ya rabu biyu. Idan ka samu irin na biyun, shi za ka saya, don ya haɗa maka duka. Tambayar da za ka amsa kafin ka biya kuɗi ita ce: teleskof ɗinka dogo take so ko gajere?

Auna teleskof ɗinka

Ba sai ka mallaki adafta ba kafin ka sani. Daren da wata ya yi haske, saita teleskof a kansa da gilashin leƙawa, sannan ka zare gilashin. Murɗa bututun fokas ya shige ciki har ƙarshensa. Samo takarda mai shara-shara, ko ka yanko farar leda ka miƙe ta, ka riƙe a saman bakin bututun. Za ka ga haske ya baje a kanta. Riƙa ɗaga ta a hankali, hasken zai riƙa tsukewa har ya zama ɗan ƙaramin wata mai kaifin gefe, da baƙaƙen tabonsa, bai fi ƙwayar wake ba a tawa na'urar. Tsaya nan. Wani ya riƙe maka rula, ku auna daga bakin bututun zuwa takardar. Yi sauri, don wata ba ya jira: cikin minti biyu yake gusawa da tsawon faɗin kansa.

Wannan lambar ita ce jarinka. Zurfin sensa, da kaurin zobe, da kafaɗar duk abin da ka sa a tsakani, dole jimillarsu ta gaza ta. A tawa na samu wajen milimita 40. Dogon zobe yana neman 55, ka ga kenan ko zan kwana ina murɗawa ba zan samu fokas ba, bututun zai daki ƙarshensa saura 15. Da gajeren zobe kuwa, 18 da 10 sun ba da 28, har da rarar 12 da zan yi wasa da ita.

Kada ka yi wannan gwajin da rana a kan tankin ruwan maƙwabci. Abu na kusa yana tura fokas waje. A na'ura mai tsawon fokas 650, abin da ke nesan mita 50 yana ƙara kusan milimita 9, wanda ke mita 200 yana ƙara 2. Sai ka ga hoton tanki ya fito tar, ka yi murna, dare ya yi taurari su ƙi haɗuwa. In dole da rana ne, nemi dogon ƙarfen sabis ko dutsen da ya kai kilomita, kuma ka juya wa rana baya.

Gefen teleskof

Ramin da gilashin leƙawa ke shiga iri biyu ne a na'urorin kirki: inci 1.25, wato milimita 31.75, da inci 2, wato 50.8. Don haɗa shi da zoben T ana sayen wani ɗan bututu da nake kira hanci: gefe ɗaya tiredin T, ɗaya gefen santsi, ya shige ramin a ɗaure shi da noti. Kafin ka saya, kwance abin da ke riƙe gilashin leƙawa ka duba. A yawancin na'urorin kamfanin Sky-Watcher akwai tiredin T a ɓoye a nan, zoben zai ɗauru kai tsaye, ka huta da sayen hanci, ka kuma tsira da 'yan milimitocin da kafaɗarsa ke ci. Idan kuwa ramin naka inci 0.965 ne, bututun kuma na roba, irin na ƙananan na'urorin da ake saya wa yara, shawarata ka haƙura. Ba zai ɗauki nauyin kyamara ba. Ɗora wayarka a kan gilashin leƙawa, za ta fi ba ka hoto.

Faɗin rami yana da alaƙa da girman sensa. Hancin inci 1.25 ramin cikinsa wajen milimita 27 ne. Sensar M4/3 daga kusurwa zuwa kusurwa 21.6 ce, ta wuce lafiya. Ta APS-C irin tawa 28 ce, kusurwoyi za su ɗan yi duhu. Cikakkiyar sensa mai 36 da 24 kuwa 43 take nema, ko ramin tiredin T mai wajen 38 ya yi mata kaɗan. Mai irin wannan ya nemi zobe mai tiredin M48 da hancin inci 2. Ga mai ɗaukar wata da Mushtari da Zuhal duk wannan ba damuwa ba ne, abin da yake so a tsakiya yake. Amma in Kaza da 'Ya'yanta kake hari, wadda a 650 da sensa irin tawa da ƙyar take shiga hoto daga gefe zuwa gefe, kowace kusurwa tana da amfani.

Daga nan kowane samfuri da halinsa.

Newton matsalarta kullum ƙarancin shiga ciki ne. An ƙera yawancinsu don ido, shi ya sa Sky-Watcher ta fitar da jerin PDS mai ɗan gajeren jiki domin masu hoto. Gajeren zobe ne maganin farko. In bai isa ba, sa gilashin Barlow, yana turo fokas waje. Mai ninki 2 zai mai da 650 ya koma 1300, haske kuma ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A hoton wata wannan riba ce ma. Girman wata a kan sensa shi ne tsawon fokas a raba da 110: a 650 milimita 6 ne, a 1300 ya kusa 12, sensa kuwa tsayinta 15.6, ya cika ta kenan. Wasu suna matsar da babban madubin gaba ko su yanke jikin na'urar. Yana aiki, amma ban ga dalilin da mai kyamara marar madubi zai kai ga zarto ba.

Mai gilashi a gaba, doguwar nan da kowa ya sani, tata matsalar akasin haka ce. An ƙera ta da gwiwar madubi a baya, wadda haske ke cin milimita 70 zuwa sama da 100 a cikinta. Da ka cire gwiwar ka sa kyamara, bututun zai fito har ƙarshe bai kai ba. Dogon zobe kake so a nan, sau da yawa har da bututun ƙari na milimita 50 ko 80. Gara ka ƙara bututu da ka zaro na fokas gaba ɗaya, don idan ya fito da yawa nauyin kyamara yana sa shi sunkuyawa, gefe ɗaya na hoton ya yi kaifi ɗayan ya dushe.

Schmidt-Cassegrain, gajeru masu kauri irin Celestron C8, suna da nasu tiredin a baya, inci 2 mai layi 24 a kowane inci. Adaftarsu ta musamman tsawonta milimita 50 ne, a haɗa da 55 na dogon zobe da zurfin sensa a samu 105, tazarar da gilashin rage tsawon fokas na f/6.3 yake so. Za ka kuwa buƙaci gilashin, don a 2032 na C8 cikakken wata ya haura milimita 18, ba ya shiga sensar APS-C. EdgeHD ta Celestron mai inci 8 tata tazarar daban ce, 133, da adaftarta daban. Su waɗannan madubin ciki suke motsawa wajen fokas, saboda haka kusan duk inda ka ajiye kyamara za su haɗa hoto. Haka ma ƙananan Maksutov irin Skymax, waɗanda galibi da tiredin T suke zuwa a bayansu.

Inda 55 ta zama dole

Duk ranar da ka sa gilashin gyara a tsakani, ko mai gyara taurarin gefe na Newton da suke yin wutsiya, ko mai daidaita fili na masu gilashi a gaba, wasa ya ƙare. Yawancinsu an lissafa su ne a kan 55 daga tiredinsu zuwa sensa, kuma a na'ura mai f/5 irin tawa, wato tsawon fokas 650 a raba da faɗin madubi 130, kuskuren milimita ɗaya yana nunawa a kusurwa. Duba takardar da ta zo da naka, don wasu lambarsu ta bambanta. A nan murɗa fokas ba ya gyara komai, don gilashin da kyamarar tare suke tafiya. Mai gajeren zobe sai ya cike gibin: 18 da 10 sun ba da 28, saura 27, sai zoben ƙari na 20 da na 7, ko 15 da 10 da washa biyu na milimita ɗaya-ɗaya. Ana sayar da su jeri guda, kuɗinsu ba yawa.

Idan ka riga kana da adaftar da ke ɗora tsofaffin lens ɗin Canon a kan bakin RF, kaurinta 24 ne. Haɗa da siririn zoben EF mai 11 da zurfin 20, ka ga 55 ta fito ba tare da ka sayi sabon abu ba. Haka FTZ, adaftar Nikon mai ɗora lens ɗin F a kan bakin Z, take da zoben F.

Bayan ka haɗa, ɗauki hoton taurari ka buɗe kusurwoyi huɗu. Ƙa'idar da aka saba ita ce, in taurarin gefe sun miƙe kamar suna nuna tsakiya, sensa ta yi kusa, ƙara washa. In sun lanƙwashe suna kewaya tsakiya, ta yi nisa, rage. Idan ka sa gilashin tace haske tsakanin gilashin gyara da sensa, ƙara kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa: mai milimita 3 yana neman ƙarin 1.

Daren farko

Ka haɗa komai, ka danna, kyamara ta ƙi ɗauka. Ba lalacewa ta yi ba, lens take nema ba ta ji shi ba. A Sony nemi Release w/o Lens ka kunna, a Fujifilm Shoot Without Lens, a Canon kuma Release shutter w/o lens. Juya zuwa M, wato saitin hannu. In kyamararka tana da na'urar hana rawar hoto a jikinta, kashe ta. Sa jinkirin daƙiƙa 2, ko 10 in ƙafafun na'urar ba su da ƙarfi, don taɓawar yatsa kaɗai ta isa ta girgiza hoton. Wajen fokas, ƙara girman hoton a allon kyamara har ƙarshe, ka saita a kan ramukan da ke bakin iyakar haske da duhu na wata. Ga taurari akwai murfi mai tsaga-tsaga da wani ɗan Rasha, Pavel Bahtinov, ya ƙirƙiro a 2005, ana iya yanka shi da kwali. Cikakken wata a f/5 da ISO 100, fara da 1/500, ka gyara daga nan.

In kyamarar ta tsaya a karkace, kada ka sassauta tiredin don miƙe ta. A gefen zoben T akwai ƙananan notuna uku. Sassauta su da ɗan alanki ko siririn sukurudireba, ka juya, ka ɗaure. Kuma kullum ka rataya igiyar kyamara a jikin teleskof, don noti ɗaya tal ke riƙe hancin a rami.

Na san da yawa daga cikinmu jinjirin watan azumi ne ya sa suka sayi na'urar. Sanarwa dai ta Sarkin Musulmi ce, hotonka na jin daɗinka ne, amma ka kiyaye abu biyu. Jinjirin wata kusa da rana yake, saboda haka kada ka buɗe murfin teleskof sai ƙwallon rana ya faɗi gaba ɗaya. Hasken da madubi mai milimita 130 ya tattara zai ƙone sensa cikin ƙiftawar ido, ido kuwa ba ya da safaya. Na biyu, da magariba babu tauraron da za ka yi fokas a kansa, sai in Zara ta fito. Don haka ka yi fokas a wani dare tun kafin ranar, ka ja layi da maka a jikin bututun, ranar duba wata ka mayar da shi kan layin.

Ƙura kuwa ita ce harajin da mai kyamara marar madubi yake biya. Da ka cire lens, sensa a fili take, Newton kuma bakinta a buɗe yake har ciki. Lokacin hunturu ina ɗaura zoben a cikin ɗaki, kyamarar tana kallon ƙasa, sannan in ɗaura gilashin tace haske marar launi a bakin hancin, don yawancin hanci suna da tiredinsa. Da shi a wurin, ƙura ba ta da hanyar shiga. Kada ka hura sensa da baki, da 'yar robar hura iska ake yi.

Zobban nan na alminiyam suna da halin manne wa juna, musamman siraran washa, har ka rantse walda aka yi musu. Tun kafin ka ɗaura, goga bakin fensir a kan tiredin, kuma kada ka ɗaure sosai. In sun riga sun manne, kada ka kama su da filaya, matsi yana lanƙwasa zoben ya ƙara cijewa. Ajiye shi a kwance a kan silifa ɗin roba, ka ɗora ɗaya ƙafar silifan a sama, ka danna da tafin hannu ka murɗa. In ya ƙi, sa shi a firiza na minti goma ka sake gwadawa.